Ranar Da Bitrus Ya Janye Hannunsa Daga Akushi



A bikin godiyar kaka na bara, a wata ƙaramar majami'ar ƙauye, mun ga abin da ya sosa mana rai. Bayan Misa aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo abinci, sai jama'a ta rabu gida biyu. Waɗansu suka ƙi sa hannu a akushin waɗansu, wai mutanen can masu cin naman kare ne, alhali kuwa ranar tuwon dawa ne da miyar kuka. Ga shi ba a yi sa'a guda ba da dukansu suka durƙusa gaban bagade ɗaya, suka karɓi Jikin Ubangiji.

Ba mu raina ladabin cin abinci ba. Iyayenmu sun hore mu mu wanke hannu, mu ci da dama, mu ci gabanmu, kada yaro ya riga babba kai hannu ga nama. Tarbiyya ce mai kyau. Sai dai kowace al'umma da tata. Bature yana riƙe cokali mai yatsu da hagu, ba wanda ya ce ya yi rashin kunya. A ƙasar Sin ba a kafa sandunan cin abinci tsaye cikin shinkafa, domin sun yi kama da turaren da ake kunna wa matattu. A Habasha mutum yakan naɗe loma ya sa wa abokinsa a baki don nuna ƙauna. A nan kuwa, in ba jariri ko majinyaci ba, wa zai buɗe baki? Mabiyin addinin Hindu yana ƙin naman saniya, Bayahude ba ya haɗa nama da madara, maƙwabcinmu Musulmi ba ya cin alade. Mu ma muna barin nama ranar Laraba ta Toka da Jumma'a Mai Kyau, muna kuma kame baki sa'a ɗaya kafin Tarayya Mai Tsarki. Kakanninmu daga tsakar dare suke kamewa. A 1964 ne Paparoma Bulus na Shida ya mai da shi sa'a ɗaya.

Waliyyi Bitrus ya san nauyin irin waɗannan dokoki, cikinsu ya tashi. A Ayyukan Manzanni sura 10, yana addu'a a kan soro a Yafa, aka nuna masa dabbobin da bai taɓa ci ba, har sau uku, aka gargaɗe shi kada ya ƙazantar da abin da Allah ya tsarkake. Ya gane da mutane ake, ya tashi ya shiga gidan Karniliyus, hafsan sojan Roma, a Kaisariya. Amma daga baya, a Antakiya, yana cikin ci tare da Kiristocin da ba Yahudawa ba, sai baƙi suka iso daga Urushalima. Bitrus ya janye jiki. Barnaba ma ya bi shi. Ba abincin ne ya sāke ba, idon mutane ya ji tsoro. Manzo Bulus ya tsawata masa a gaban kowa, kamar yadda ya rubuta wa Galatiyawa. Mu tambayi kanmu, a kan tabarmar nan ta bara, ƙyamar abinci ce ta hana mu, ko tsoron abin da 'yan ƙabilarmu za su ce?

Bulus ɗin nan kuma ya gargaɗi Romawa, mai ci kada ya raina wanda ba ya ci. Saboda haka ba mu ce kowa ya ci abin da ransa ya ƙi ba, ba ma so a ɓoye wa baƙo abin da ke cikin tukunya don a yi masa dariya.

Bana mun roƙi Zumuntar Mata su dafa abin da kowa zai iya ci, katekis kuma su zaunar da jama'a ba bisa ga ƙabila ba. Mu firistoci ma za mu bar kujera da teburin gaba, mu zauna a tabarma tare da ku.