Fatawa: Hukuncin Biza, Izinin Zama da Karɓar Fasfon Wata Ƙasa

TAMBAYA

Wani magidanci daga Kano, ma'aikacin jinya mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, ya aiko da tambaya. Albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, ya ƙudurta fita waje neman abinci, kuma hanyoyi huɗu aka shimfiɗa masa. Wani ejan ya ce ya karɓi bizar Umara, in ya gama ɗawafi ya saje da jama'a ya nemi aiki a Makka. Wani ya ce zai haɗa masa takardun banki da shaidar aiki na bogi don bizar Ingila. Abokinsa da ke Jamus ya ce ya zo a ɗaura masa auren takarda da wata Baturiya, ko a tsara masa labarin neman mafaka. Hanya ta huɗu ita ce mai tsawo: jarabawa, neman aiki da takardunsa na gaskiya, izinin zama, sannan fasfo bayan shekaru. Yana son sanin wadda ta halatta, da kuma ko Musulmi zai iya rantsuwar zama ɗan ƙasar da ba ta Musulmi ba.

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Fita daga gari don neman halal abu ne da shari'a ta buɗe ƙofarsa. Aya ta 15 a Suratul Mulk ta yi umarni da tafiya cikin ƙasa da cin arzikin Allah, aya ta 100 a Suratun Nisa'i kuma ta yi wa mai hijira alkawarin yalwa. Hijirar farko a Musulunci ma ƙasar Kirista aka yi ta. A shekara ta biyar bayan aiko Annabi (SAW), sahabbai, cikinsu har da Usman ɗan Affan da matarsa Ruƙayya, suka ƙetara Bahar Maliya zuwa Habasha don sarkinta Najjashi adali ne. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin da aka ci Khaibar, alhali Madina ta daɗe da zama gidan Musulunci.

Sai dai Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, ta fi sauran tsanantawa. Imam Malik ya ƙi a je fatauci ƙasar da hukuncin waɗanda ba Musulmi ba zai hau kan mutum. Wansharisi, wanda ya rasu a 1508, ya wajabta wa Musulmin Andalus barin garuruwan da Kiristoci suka ƙwace. Mas'alar ta taɓa ƙasar Hausa a 1903, da Turawa suka ci Sakkwato: Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira gabas har aka kashe shi a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya kai jama'a Sudan inda garin Mai Wurno yake har yau, Waziri Buhari kuwa ya zauna da mutane ya kafa hujja da cewa Turawa ba su hana salla da azumi ba. Abin da kowane ɓangare ya duba shi ne makomar addinin mutane, kuma da wannan ma'aunin za a auna tafiyar mai tambaya.

Don haka sharuɗɗan su ne: ya iya bayyana addininsa a can, ya kasance yana da ilimin da zai kare shi daga shubuha, ya amince wa tarbiyyar 'ya'yansa, kuma kada tafiyar ta tozarta wani haƙƙi da ke wuyansa. Iyaye tsofaffi da ba su da mai kula da su suna gaba da kowace biza. Matar da aka bari shekara da shekaru babu ci babu sutura tana da damar kai ƙara gaban alƙali. Idan gwamnati ce ta biya kuɗin karatunsa bisa yarjejeniyar zai yi mata aiki na wasu shekaru, sai ya cika wa'adin ko ya biya abin da aka yi sharaɗi.

Biza alkawari ce

Malaman fiƙihu sun san biza tun kafin a ƙirƙiro fasfo, a babin amana. Ibnu Ƙudama ya bayyana a cikin Al-Mugni cewa wanda ya shiga ƙasar abokan gaba da amincewarsu, ha'intarsu ta haramta gare shi, domin sun bar shi ya shiga ne bisa sharaɗin ba zai cuce su ba, ko da ba a furta sharaɗin ba. In haka ne ga ƙasar da ake yaƙi da ita, ina ga ƙasar da ke da ofishin jakadanci a Abuja?

Ƙissar Huzaifa ɗan Yaman da ke cikin Sahihu Muslim ta isa hujja. Ƙuraishawa sun tare shi da mahaifinsa a hanyar Madina, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Suka iso ana shirin Badar, Musulmi ɗari uku da 'yan kai, ana bukatar kowane takobi. Duk da haka Annabi ya umarce su da su koma su cika wa mushirikai alkawarinsu. Duk wanda ya cika fom, ya dangwala yatsa, ya sa hannu cewa abin da ya rubuta gaskiya ne kuma zai fita ranar da aka ɗiba masa, ya shiga ƙarƙashin ayar farko ta Suratul Ma'ida mai umarni da cika alkawura.

Hanya ta farko, wato zaman takari da bizar Umara, ita ce mutane suka fi sassauta wa kansu, suna cewa ai ƙasa mai tsarki ta kowane Musulmi ce. Bizar Umara tana ba da kwana 90, ba ta ba da izinin aiki. Aiki a Saudiyya sai da iƙama a ƙarƙashin kafili, ko izinin zama na musamman da aka buɗe a 2019, wanda na dindindin ɗinsa ya kai riyal 800,000. Wanda ya wuce wa'adinsa yana fuskantar tara har riyal 50,000, ɗauri har wata shida, sannan a tsare shi a irin sansanin Shumaisi a tuso ƙeyarsa gida. Kafin ranar kamu kuwa rayuwa ce ta wasan ɓuya da askar, ba asibiti cikin natsuwa, ba inda zai kai ƙara in an cinye masa lada, 'ya'yan da aka haifa a can su tashi ba takardar ko wace ƙasa. Wasu na laɓewa har lokacin Hajji. A aikin Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu a tsananin zafi, kashi 83 cikin 100 ba su da izinin Hajji, don haka ba tanti ba mota. Kafin wancan Hajjin Majalisar Manyan Malaman ƙasar ta riga ta bayyana cewa mai zuwa Hajji ba izini yana da zunubi. Umarar mai zaman takari ta inganta in ya cika rukunanta, amma zaman da ya biyo baya saɓa alkawari ne da jefa kai cikin wulaƙanci, kuma haramun ne.

Hanya ta biyu ƙarya ce da shaidar zur, ba ta bukatar dogon bayani. Kuɗin da ake arawa a zuba a asusu na kwana 28 don a nuna wa ofishin jakadanci, a mayar da su da ƙari, sun haɗa laifi biyu: yaudara da riba. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ingila na hana wanda aka kama da yaudara biza har shekara 10, Kanada shekara 5, Amurka har abada sai in an yi masa afuwa ta musamman. A 2023 hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Ingila ta gano maguɗi a wata cibiyar jarabawa a Ibadan, abin ya shafi ɗaruruwan 'yan Nijeriya, har waɗanda suka ci da gumin kansu sai da aka sa su sake zama. Ga mai aikin jinya laifin ya fi nauyi, domin shaidar ƙwarewa ta ƙarya rayukan marasa lafiya take taɓawa.

Auren takarda kuma wasa ne da abin da ba a wasa da shi. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya lissafa aure da saki da kome a matsayin abubuwan da ko da wasa aka yi su sun tabbata. To ɗayan biyu ne. In an cika sharuɗɗan aure, matar ta zama matarsa da dukkan haƙƙoƙinta, ya kuma shiga da niyyar zalunci. In ba a cika ba, ya yi rantsuwar ƙarya a gaban hukuma cewa wata matarsa ce alhali ba haka ba. Mafi muni, wasu na rubuta takardar sakin uwargida don fom ya tafi daidai, suna cewa ai ba da gaske ba ne, alhali sun jefa igiyar aurensu cikin haɗari. Dokar Amurka na hukunta irin wannan aure da ɗauri har shekara 5 da tara har dala 250,000.

Neman mafaka halal ne ga wanda ya cancanta, kuma yarjejeniyar 1951 don wanda ake tsananta wa aka yi ta. Wanda ake farautar ransa ya nema, ya faɗi gaskiyar abin da ya same shi. Amma wanda zai tsaya gaban jami'i ya ce ya bar Musulunci ana son kashe shi, ko ya jingina wa kansa alfashar da bai aikata ba, ya sani cewa rangwamen aya ta 106 a Suratun Nahli ya sauka ne kan Ammar ɗan Yasir, wanda aka azabtar, aka kashe iyayensa. Ƙarancin albashi bai kai wannan matsayi ba, kuma furta kalmar kafirci da zaɓin kai abu ne da ke barazana ga imanin mutum. Haka nan bin Sahara ta Agadas a bayan motar masu safara ya shiga hanin aya ta 195 a Suratul Baƙara game da jefa kai ga halaka. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, akasarinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance.

Fasfon ƙasar da ba ta Musulmi ba

Nan ne malamai suka yi saɓani na gaske. Masu hani, kamar kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya, suna ganin rantsuwar biyayya ga irin wannan ƙasa jiɓinta ce da Alƙur'ani ya hana. Fatawoyi mafi zafi sun fito ne daga Arewacin Afirka zamanin mulkin mallaka. A Aljeriya dokar Faransa ta 1865 ta sharɗanta wa Musulmi barin hukuncin shari'a a aure da gado kafin ya zama cikakken ɗan ƙasa, shi ya sa Shehu Ibnu Badis ya ɗauki abin a matsayin ridda. A Tunisiya, cikin shekarun 1930, jama'a sun riƙa hana binne waɗanda suka karɓi takardar Faransa a maƙabartar Musulmi.

Masu halattawa, cikinsu har da Majalisar Fatawa ta Turai da aka kafa a 1997 ƙarƙashin Shehu Yusuf Ƙardawi, sun ce dalilin waccan fatawar ya gushe. Ƙasashen yau ba sa neman mutum ya bar addininsa, fasfo kuma yana kare shi daga kora, ya ba shi ƙuri'a da damar kare masallacinsa a kotu. Rantsuwar Amurka ta ƙunshi ɗaukar makami, amma doka ta yarda a cire wannan ɓangare ga mai uzurin addini. Kanada na ba da fasfo ga mai izinin dindindin da ya zauna kwana 1,095 cikin shekara 5. Jamus, tun watan Yunin 2024, ta mayar da wa'adin shekara 5 kuma ta yarda da fasfo biyu. Sashe na 28 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai ƙwace wa haifaffen ɗan ƙasa matsayinsa don ya karɓi na wata ba.

Abin da ya fi rinjaye shi ne halacci ga wanda ya riga ya zauna bisa doka kuma yake da bukata, da sharaɗin ya ƙudurce cewa shari'ar Allah ce mafi adalci, ya ɗaura aurensa bisa Musulunci, ya rubuta wasiyyar da za ta sa a raba gadonsa yadda Allah ya raba, kuma ya ƙi duk aikin da zai sa shi zaluntar wani. Wanda ya ga addinin 'ya'yansa na zamewa, komawa gida ta wajaba a kansa ko fasfo nawa ya tara.

Wanda ya riga ya shiga ta haramtacciyar hanya, tubarsa ita ce ya daina ƙarya, ya nemi gyara takardunsa ta hanyar lauya, ko ya dawo, ko da ta hanyar afuwar hukuma ce irin wadda Saudiyya ta yi ta kwana 90 a 2017. Ladan aikin halal da ya iya kuma ya yi da hannunsa nasa ne, zunubin saɓa alkawari ne ke bukatar tuba. Ejan da ke shirya takardun ƙarya abokin tarayya ne cikin laifin, kuɗin da yake karɓa haramun ne.

Saboda haka hanyoyi uku na farko sun haramta ga mai tambaya. Ta huɗu ta halatta bisa sharuɗɗan da aka ambata, bayan ya nemi yardar iyayensa, ya shawarci matarsa, ya tanadar wa iyalinsa abin da za su ci, ya yi istihara, kuma ya duba dokokin ƙasar a shafin hukumarta kafin ya ba kowa ko kwabo.

Allah ne Mafi sani.