Tace Ruwan Ƙazanta da Bashi Mai Kuɗin Ruwa Kaɗan: Ina Mafita?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, a shekarar 1987 gwamnatin Amurka ta kafa asusu a jihohinta domin ranta wa garuruwa kuɗin gyaran ma'aikatun tace ruwan ƙazanta. Gwamnatin tarayya ke zuba kuɗi, jiha ta ƙara kashi 20 cikin 100 na abin da aka ba ta. Gari ya ranta da kuɗin ruwa ƙasa da na kasuwa, in ya biya a ranta wa wani gari.

Mu ma wannan bukata tana ƙofar gidanmu. A Yamai, ƙoramar Gunti Yena tana kwasar ƙazantar unguwanni tana zubawa a kogin Isa, inda bayin Allah ke wanki, suna su, suna ban ruwan lambu. To, in aka yi mana tayin irin wannan bashi, mu karɓa?

Haƙƙi biyu ne suka hau kanmu. Na farko, tsare ruwa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana yin fitsari cikin ruwan da ba ya gudana. Malamanmu na Malikiyya kuma sun ce ruwan da najasa ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa, ba a alwala da shi. Na biyu, nisantar riba. Suratul Baƙara, aya ta 275 zuwa 279, ta haramta ta, ta bar wa mai bin bashi uwar kuɗinsa kawai. Ba ta ware kaɗan daga mai yawa ba, kuma kyakkyawar niyyar gwamnati ba ta sauya hukuncin ƙari.

Wasu za su ce larura ce. Amma sharaɗin larura shi ne a rasa hanyar halal, alhali kuwa akwai ta. Bankin Musulunci da ke Jidda, wanda ya fara aiki a 1975, kuma Nijar na cikinsa, yana ba da rance ba ruwa, sai ladan ɗawainiya. A 1986, a birnin Amman, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta wannan lada, muddin bai wuce ainihin abin da aka kashe ba. Ga kuma wakafi: Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Asusu mai zagayawa daga gari zuwa gari dabara ce mai kyau, sai mu ɗauke ta mu bar ƙarin.

Sai dai mu yi hattara. Wanda ya ƙi riba, sannan ya naɗe hannu ya bar kwatar gidansa tana malala ƙofar maƙwabci, yara suna kamuwa da kwalara, bai kuɓuta ba tukuna. Wajibi ne mu biya harajin gari, mu kuma tambayi shugabanni ko sun nemi hanyar halal kafin su sa hannu.

Allah ya tsarkake ruwanmu da dukiyarmu. Allah shi ne mafi sani.