Rigar Gini: Ƙawa ce ko Amana?

Tambayar ko kuɗin da ake kashewa wajen sabunta fuskar gini almubazzaranci ne ko kuwa riƙon amana, ta shafi mai gidan ƙasa a Dudunni da sauran ƙauyukan Kankiya da Kusada kamar yadda ta shafi mai dogon bene a Landan. Malaman usulu, musamman Imam Shaɗibi a littafinsa Almuwafaƙat, sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku: larura, wato abin da addini ko rai ko dukiya ba sa tsira sai da shi, buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, sai ƙawa, wadda kyau kawai take ƙarawa. Hukuncin yaɓe ya rataya ne a kan rukunin da ya faɗa cikin ukun nan.

Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanya shi cikin larura, domin katangar tubali idan ta shiga damina tsirara ruwa yakan zaizaye ta har ta rufta kan masu gida, shi ya sa suke shafe ta da makuba, wato ƙasar da aka kwaɓa da ruwan kwasfar ɗorawa. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, mai tsawon kimanin mita 15, da ta masallacin Agadas, mai mita 27, ba ƙarfin tubali kaɗai ya kawo su yau ba, sai da gyara bayan gyara. Amma wanda ya lulluɓe katangar ƙasa da siminti don a ce ya waye, yakan kulle danshi a cikinta, ta riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarta na sheƙi.

Irin wannan kyan ɗan maciji ne ya ci rayuka 72 a benen Grenfell mai hawa 24 a Landan ranar 14 ga Yuni, 2017, inda farantan alminiyam masu roba a tsakiya da aka lulluɓe benen da su, waɗanda aka zaɓa don rage tsada, suka zama hanyar da wuta ta bi ta mamaye ginin.

Saboda haka ba yawan kuɗi ke mayar da aiki almubazzaranci ba, haka kuma arha ba ita ce tattali ba. Rigar da ke tsare rayukan mazauna wajibi ce ko da ta yi tsada, wadda kuwa ke ɓoye aibi don ruɗin mai kallo ha'inci ce, kuma mai gida da magini duk abin tambaya ne a kanta gobe ƙiyama.