Ɗan Riƙo a Gidan Allah

A gidajenmu ɗan riƙo yakan ci tuwon gida, amma ranar rabon gado sai a tuna masa cewa ba nan aka haife shi ba. Shin haka matsayinmu yake a gaban Allah?

Manzo Bulus bai koyar da haka ba. A wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura ta 8, ya ɗauko misali daga dokar Rum, inda wanda aka mayar ɗa yakan karɓi sunan sabon ubansa, ya kuma ci gado daidai da ɗan cikinsa.

Mu dubi Yusufina Bakhita. Masu farautar bayi suka sace ta a Darfur tana yarinya, aka yi ta sayar da ita, har azaba ta mantar da ita sunan da iyayenta suka raɗa mata. A 1890 aka yi mata baftisma a Italiya, a 2000 kuma Paparoma ya sa ta cikin tsarkaka. Amma kada mu ruɗe: ba baftisma ce ta ba ta daraja ba. Tun tana kasuwar bayi take ɗauke da kamannin Mahaliccinta. Baftisma ƙofar gado ta buɗe mata.

To, yarinyar nan da muka ɗauko daga ƙauye fa? 'Ya'yanmu suna makaranta, ita tana talla. Ran Lahadi layi ɗaya muke bi zuwa bagade, da baki ɗaya muke kiran Allah Ubanmu. Muna komawa gida, sai ta ci kanzo ita kaɗai a bakin murhu.