Kwatar Lungunmu da Jijiyar Baba

Kafin damina ta kankama, samarin lungunmu a Kambarawa kan fito da shebur da manjagara su yashe kwata. Abin da suke hakowa ba na kwana ɗaya ba ne: ledar fiya-wata, ɓawon rake, toka, yashi. Sun daɗe suna taruwa ba mai kula, sai ranar da aka sheƙa ruwa ya rasa hanya, ya faɗa zaurukan mutane.

Kwatar nan ce ta faɗo mini a rai ranar da likita ya nuna mana hoton zuciyar Baba. Jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini 'yan siraran abubuwa ne, faɗinsu milimita 3 zuwa 4, kuma kitse ya shekara da shekaru yana manne wa bangon guda ɗaya har ta kusa rufewa. Ashe shi ya sa in Baba ya taka zuwa Ƙofar Soro sai ya tsaya ya dafa bango, ƙirji ya yi masa nauyi. Mu kuwa muna ta cewa ulsa ce. Har yau abin yana ci mini rai.

Da aka ce aiki, Yaya ya ɗauka tsaga ƙirji za a yi. Akwai wannan, in toshewar ta yi yawa, inda ake ɗebo jijiya daga ƙafa a yi wa jini sabuwar hanya. Na Baba bai kai can ba. An fara gwada ƙodarsa, saboda ruwan da ake ɗurawa don jijiya ta fito a hoto yana wahalar da ƙoda. Sannan aka kashe masa zafi a wuyan hannu, aka zura siririn bututu har zuciya, aka hura ɗan balan-balan a wurin da ya toshe, aka bar wata 'yar ragar ƙarfe, sitent, ta tokare wurin. Wani likita, Andreas Grüntzig, shi ya fara wannan hurawar a birnin Zurik a 1977. Baba idonsa biyu aka yi komai, leɓɓansa na motsi da salati. Da aka turo shi, bandeji ɗaure a hannu, sai ya dube ni ya ce, "Wai har an gama?" Washegari aka sallame mu.

Wahalar tana gida. Ragar nan baƙuwa ce a jiki, jini na iya daskarewa a kanta, don haka aka ba shi asfirin da wani maganin tsinka jini, aka ja mana kunne kada ya tsallake ko kwana ɗaya sai likita ya ce. Wata biyu da aikin, Baba ya ji garau, ya ce shi maganin me kuma zai ci gaba da sha? Ya fara tambayar tsire da yamma. Ba a yi wa uba tsawa, sai lallashi. Na ce, "Baba, kwatar da aka yashe bara, ka ga yadda ta koma?" Ya yi shiru, ya miƙo hannu.

Yanzu Inna ta rage gishiri da mai a miya, tukunya ɗaya muke ci da shi. Ƙwayoyin kuma na ajiye su kusa da butarsa, in ya dawo daga sallar asuba ni ke miƙa masa ruwan.