Fasali a kan abin da ke sa mutum ƙin barin sabo

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, masu binciken ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa duk aikin da aka yawaita maimaitawa yana sare wa kansa turba a cikinta, har ya zamo ana yin sa ba da tunani ba. Almajiri ya san wannan, domin kuskuren da ya shiga hadda ya fi sabon karatu wuyar gyara. Kuma a cikinta akwai gurbin tsoro, wanda ke zabura idan abin hannu zai kuɓuce. Saboda haka hasarar yau takan rinjayi ribar gobe a ma'aunin zuciya.

Dubi abin da ya auku a Abare da Dareta da Bagega ta ƙasar Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum, a shekarar 2010. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida, ana dakawa ana niƙawa inda yara ke rarrafe, alhali akwai dalma a cikinsu. Yara fiye da 400 suka rasu kafin a shawo kan masifar. Da likitocin MSF suka bayyana sababi, waɗansu suka ɓoye rasuwar 'ya'yansu don gudun a hana haƙa. Kada ka ce ba su son 'ya'yansu. Zinariya tana tafin hannu, guba kuwa ƙura ce da ido bai tuhuma, ga talauci a bakin ƙofa.

To, a nan hukuncin shugaba yake. Wanda ya ce "ku bari" kawai, ya yi shiru, ya tayar da tsoro ne, shi kuwa mai tsoro ɓuya yake yi. Abin da ya yi amfani shi ne da sarakuna da masu gari suka sa aka fitar da niƙa bayan gari, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba mai tsabta. An canja wa sana'a wuri, ba a toshe bakin abinci ba.

Haka za ka yi da kanka. Sabo turken wawa ne, amma ba a tumɓuke shi da tsawa. Sare sabuwar turba kusa da tsohuwa, ka bi ta kullum, har ciyawa ta rufe waccan.

Tammat.