Gargaɗi Ga 'Yan Kasuwa: Hoton Intanet Yana Da Mai Shi

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a tsakanin ƙananan 'yan kasuwarmu, kuma yawan masu yin ta ya sa an daina ganin muninta. Tela zai shiga Instagram ya kwaso hoton ɗinkin da wani ya yi a Legas ko Dakar, ya maƙala lambar wayarsa a jiki. Mai gidan abinci ya sauko da hoton shinkafa da kaza daga Google ya buga a allon shagonsa. Mai gidan kallon ƙwallo ya yi tallarsa da fuskar Ahmed Musa ko Osimhen. Idan kakar zaɓe ta kama kuwa, masu buga fosta da riguna da huluna ba ruwansu da wanda ya ɗauki hoton ɗan takara. Duk wanda ka tambaya amsarsa ɗaya ce: "Ai a intanet na samu."

To, wannan amsa ba ta fid da kowa a gaban alƙali. Ko tsintuwa ka yi a bakin hanya, shari'a ta ɗora maka cigiya, ballantana abin da mai shi ya ajiye da hannunsa a shafinsa. Hoto dukiyar wanda ya ɗauke shi ne, ko kamfanin da ya mallaka wa. Da zarar ya danna kyamara haƙƙi ya tabbata, ba sai ya yi rajista ba, ba sai ya buga tambari ba. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare hoto har shekara 50. Ta ba mai shi damar neman diyya, da sa a sauke kayansa daga shafukan intanet, ta kuma tanadi tara da ɗauri a kan wasu laifukan. Nijar ma tana da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, wato BNDA. Ƙasashen biyu suna cikin Yarjejeniyar Bern ta 1886, saboda haka mai hoton Faransa ko Ingila yana da kariya a Kano da Maraɗi kamar yadda ɗan gida yake da ita.

Wanda ya ɗauki abin da wasa ya dubi waɗanda suka fi shi ƙarfi. Lokacin girgizar ƙasar Haiti a 2010, wani mai ɗaukar hoto, Daniel Morel, ya saki hotunansa ta Twitter. Kamfanin dillancin labarai na AFP da Getty Images suka rarraba su ba da izininsa ba. A 2013 kotu a Amurka ta yanke hukuncin a biya shi diyyar dala miliyan 1.2. Hujjar cewa abin da aka saka a dandalin sada zumunta ya zama na kowa ba ta karɓu ba. Idan manyan kamfanoni masu rundunar lauyoyi sun sha ƙasa, mai shago ɗaya da me zai kare kansa?

Harkar wasanni ta fi haɗari, domin hoto ɗaya masu haƙƙi biyu gare shi: wanda ya ɗauka da wanda aka ɗauka. Sunan ɗan wasa da fuskarsa jarinsa ne, da su yake ƙulla kwangilolin talla. A 2009 wani kamfanin kantuna a Shikago mai suna Dominick's ya buga saƙon taya murna ga gwarzon ƙwallon kwando Michael Jordan a mujalla, ya haɗa da takardar rangwamen dala 2 a kan nama. A 2015 kotu ta yanke hukuncin a biya Jordan diyyar dala miliyan 8.9. Son da kake yi wa ɗan wasa ba lasisi ba ne. Ka yi murnar cin ƙwallonsa yadda kake so, amma ranar da ka ɗora fuskarsa a kan kwalbar zoɓonka, ka nuna wa duniya kamar shi ya amince da kayanka, alhali bai san da zamanka ba. Haka tambarin ƙungiyoyin ƙwallo da na gasannin FIFA da CAF, duk suna da masu su.

A siyasa ma haka abin yake. Fitacciyar fostar nan ta Barack Obama a zaɓen 2008, Shepard Fairey ne ya zana ta daga wani hoton kamfanin Associated Press. Fostar ta karɓu a wajen ɗan takara da magoya bayansa, amma hakan bai hana shari'a ba, sai a 2011 aka sasanta. Fairey ya ƙara jawo wa kansa tarar dala 25,000 a 2012 saboda ɓoye shaida. Masu maɗaba'a su lura: yardar ɗan siyasa daban, yardar mai hoto daban. Zaɓe zai wuce, mai girma ya shige ofis ko ya koma gida, ƙara kuwa sunanka za ta nema.

Wani zai ce, "Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, wa zai gan ni?" Ai yanzu ba mutum ke nema ba, na'ura ce. Da Google Lens ko TinEye mai hoto yana gano inda aka kai kayansa cikin ɗan lokaci, akwai kuma kamfanonin da sana'arsu ke nan, su bi sawu su aiko da takardar neman biya. Ko ba a je kotu ba, Facebook da Instagram suna sauke hoton da aka yi ƙorafi a kansa, suna kuma rufe shafin wanda ya maimaita. Shafin da ka yi shekaru kana tara masu ciniki a kai ya tafi a dare ɗaya. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Kada kuma a ruɗe ka da dabaru. Rubuta sunan mai hoto a ƙasa ba izini ba ne. Goge tambarinsa ƙarin laifi ne. Cewa yaron da ya haɗa maka tallar ne ya samo hoton ba zai wanke ka ba, tunda kai ka yi kasuwanci da shi. Ban da doka ma, tallata ɗinkin wani a matsayin naka ha'inci ne ga mai saye. Mu da muka ga yadda satar fasaha ta cuci 'yan fim da mawaƙan Hausa bai kamata mu yi wa masu hoto irinta ba.

Mafita ba ta da tsada. Ɗauki hoton kayanka da wayarka a wuri mai haske, ko ka biya mai hoton unguwarku ku rubuta yarjejeniya. In za ka ɗauko daga Unsplash ko Pexels ko Wikimedia Commons, karanta sharaɗin kowane hoto, domin wani sai ka ambaci mai shi. Fuskar mutum kuwa, sananne ne ko maƙwabcinka, kada ka yi talla da ita sai da izini a rubuce. In takardar ƙorafi ta iso, sauke hoton nan take ka nemi lauya.

'Yan uwa 'yan kasuwa, kowa ya buɗe shafinsa yau, ya dubi allon shagonsa. Duk hoton da ba kai ka ɗauka ba, ba ka saya ba, ba a kuma ba ka izini ba, ka cire shi tun kafin sammaci ya riske ka.